Canjin Masu Gadi a Fadar Buckingham: Me Ake Miƙawa, Wa Ake Tsarewa?

Tun wajen ƙarfe goma na safe, a ranakun da ake faretin, gaban Fadar Buckingham, fadar sarkin Birtaniya da ke Landan, ke cika maƙil. Wasu sun manne da shingen ƙarfe, wasu sun ɗare matakalar mutum-mutumin Sarauniya Victoria, kowa ya ɗaga waya sama. Can sai ka ji kiɗa ya taso ta bayanka, daga titin The Mall. Kafin ka gama juyawa wani kiɗan ya ɓullo ta hagu. Sojoji su shige ta wata ƙofa, wasu su fito ta wata, mahaya su wuce kan baƙaƙen dawakai ko kallon fadar ba su yi ba. Daf da sha biyu taro ya watse, kuma da wuya ka tare wani cikin 'yan kallon ya iya faɗa maka su wa suka zo, su wa suka tafi, da abin da aka miƙa a tsakani.

Abin da ake yi ɗin karɓar aiki ne. Wasu sojoji sun kwana suna gadi, awa 24 ko 48, lokacinsu ya cika, wasu sun zo su canje su. Duk sauran abin, kiɗa da tuta da takun ƙasaita, ado ne da ya taru a kan wannan 'yar ƙaramar hidima cikin shekaru fiye da 350. Abin da ke rikita baƙo shi ne, a wuri uku ake yin ta lokaci guda, shi kuwa a wuri ɗaya yake tsaye.

Wuri na farko Fadar St James ce, wani tsohon gini na jan bulo da Sarki Henry na VIII ya gina a shekarun 1530, tafiyar 'yan mintoci daga Buckingham. A ido ba ta kama ƙafar Buckingham ba, amma a tsarin sarauta ita ce gaba. Har yau duk jakadan da wata ƙasa ta tura Birtaniya, har da na Najeriya, a takarda fadar St James aka tura shi, kuma daga barandarta aka yi shelar sarautar Charles na III ranar 10 ga Satumban 2022. Buckingham baƙuwa ce a harkar: gidan wani basarake ne da aka gina a 1703, Sarki George na III ya saye shi a 1761, sai a 1837 Victoria ta tare a cikinsa ya zama mazaunin mai mulki. Da ta tare, aka raba masu gadi gida biyu, amma kyaftin ɗinsu da tutarsu suka ci gaba da zama a St James. Saboda haka kiɗan da ka fara ji ta baya, tsofaffin masu gadi ne na ɓangaren St James suke tahowa su haɗu da 'yan uwansu na Buckingham, don a miƙa aiki gaba ɗaya.

Wuri na biyu barikin Wellington ne, nan kusa a gefen titin Birdcage Walk. A nan sababbin masu gadi ke jeruwa tun wajen goma da rabi, ana duba su ɗaya bayan ɗaya, 'yan badujala sun yi da'ira suna kiɗa. Wanda ya tsaya a shingen barikin yana ganin abin da na gaban fada ba ya gani. Zai ga saje yana bin layi yana gyara zaman hular wannan, yana ja wa wancan bel. Zai ga yadda ake daidaita sahu: a daka tsawa, kowa ya juya kai gefe guda, su dinga matsawa da 'yan ƙananan taku da sauri-sauri, takalma na ƙara a kan kwalta, har layi ya miƙe sak. Zai kuma lura cewa sarƙar hular ba a ƙarƙashin haɓa take ba, a ƙasan leɓe take kwance, gashin hular kuma ya rufe gira har ba ka ganin idon mutum sosai. Daf da sha ɗaya su karɓi tutarsu su fito.

A farfajiyar Buckingham, wuri na uku, ake gamuwa. Sababbi su shigo su tsaya fuska da fuska da tsofaffi, a sara wa juna da bindiga. Kyaftin biyu su tako su haɗu a tsakiya su taɓa hannu, alamar an miƙa makullan fada. Daga nan sai abin ya yi sanyi na kusan rabin awa, kuma a nan ne 'yan kallo da yawa ke ƙosawa su fara tafiya. 'Yan badujala su kafa kiɗa, wani lokaci taken soja, wani lokaci waƙoƙin zamani da na fina-finai. Hafsoshi su dinga kai da komo bibbiyu. Mai kallo sai ya ɗauka ɓata lokaci ake yi, alhali a wannan tsakanin ne ake ainihin aikin: ana bin rumfunan gadi ɗaya-ɗaya ana sauke tsohon soja ana ɗora sabo, ana karanta masa umarninsa, har da rumfunan St James, kuma dole a jira waɗanda aka sauke a can su tako su iso. Sai adadi ya cika tsofaffi za su fita, da tafiyar ƙasaita a hankali har bakin ƙofa, sannan su sake taku su nufi bariki. Sababbin su rabu biyu, rabi su shiga ɗakin gadi na Buckingham, rabi su bi The Mall zuwa St James da tuta.

Su wane ne mutanen? A nan mai karatu na gida kan yi kuskuren ɗaukarsu dogarai irin na fadar Kano ko Zazzau, tunda su ma ja suke sawa. Dogari bawan fada ne, sarki ne uban gidansa. Waɗannan kuwa sojojin gwamnati ne cikakku, Ma'aikatar Tsaro ke biyansu, kuma wanda ka gani yau ƙame a rumfa, baɗi kana iya jin yana fagen daga. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, jiragen Ajantina sun kai hari kan jirgin ruwan Sir Galahad, mutum 48 suka mutu, 32 daga cikinsu 'yan rundunar Welsh Guards. A Yulin 2009 bam ya kashe kwamandan bataliyarsu, Laftanar Kanar Rupert Thorneloe, a lardin Helmand na Afghanistan.

Rundunonin ƙasa biyar ne ke da wannan gado, kuma ga baƙo duk kamarsu ɗaya. Maɓallan riga ke raba su. In ka ga maɓallai a jere ɗaya-ɗaya da tazara daidai, Grenadier ne, da farin tuntu a hagun hula. Bibbiyu, Coldstream, jan tuntu a dama. Uku-uku Scots, su ba su da tuntu ko kaɗan. Hurhuɗu Irish, shuɗin tuntu. Biyar-biyar Welsh, fari da kore. Na ƙarshen nan biyu yara ne, an kafa Irish a 1900, Welsh a 1915. Manyan ukun ne ke da labari, kuma labarinsu ne, a ganina, ya sa faretin ya cancanci a tsaya a fahimce shi.

A 1649 Turawan Ingila suka fille kan sarkinsu, Charles na I, bayan yaƙin basasa tsakaninsa da majalisa. Ƙasa ta koma hannun Oliver Cromwell da sojojinsa. Ɗan sarkin, Charles na II, ya yi gudun hijira, kuma a can, a birnin Bruges na ƙasar Beljiyam ta yau, aka haɗa masa rundunar tsaro a 1656, wadda ta zama Grenadier. Ita kuwa Coldstream, ta ɓangaren da suka kori sarauta ce. A 1650 aka kafa ta ƙarƙashin George Monck, cikin sojojin Cromwell. Da Cromwell ya mutu a 1658 al'amura suka dagule, janar-janar suka fara hararar juna. Ranar 1 ga Janairun 1660 Monck ya taso da mutanensa daga ƙauyen Coldstream da ke kan iyakar Scotland, ya nufi Landan a ƙasa cikin hunturu. Yana da ƙarfin da zai ɗare mulki da kansa. Bai yi ba, ya buɗe hanya aka sake kiran majalisa, majalisa ta kira Charles na II ya dawo a watan Mayu. A Fabrairun 1661 aka tara rundunar Monck a Tower Hill, suka ajiye makamansu a ƙasa a matsayin sojojin tsohuwar gwamnati, nan take aka umarce su su ɗauka a matsayin sojojin sarki.

Ladan da suka samu shi ne aka sa su a bayan Grenadier, duk da sun girme su, saboda waɗancan sun riga su yi wa sarki hidima. Har yau ba su haɗiye wannan ba. Takensu na Latin cewa yake ba su bayan kowa, kuma in an jera rundunonin gaba ɗaya, gara su koma can ƙarshen layi da su tsaya a matsayi na biyu. Scots kuma, da suka samo asali tun 1642, an taɓa wargaza su aka sake haɗawa, shi ya jefa su na uku.

Majalisa ba ta manta abin da soja ya yi mata ba, ba ta kuma manta abin da sarki ke iya yi da soja ba. A dokar 'yanci ta 1689 aka rubuta cewa haramun ne a riƙe sojoji na dindindin a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba. Dokar tana nan da ranta: duk shekara biyar sai majalisa ta sabunta dokar da ta halatta rundunonin ƙasar, a tsakani kuma duk shekara sai ta amince a ci gaba. Sojan da ke tsaye a rumfa wa sarki ya yi rantsuwar biyayya, amma sarkin ba shi da ikon tura shi ko'ina, kuma 'yan majalisa ne ke riƙe da albashinsa. An ɗaure kowa da igiyar ɗan uwansa.

Mu da muka fito daga yankin da aka san abin da mai gadin fada ke iya aikatawa, bai kamata wannan ya wuce mu ba. A 29 ga Yulin 1975, Janar Yakubu Gowon na taron ƙasashen Afirka a Kampala, muryar da ta sanar da kifar da shi a rediyo ta Kanar Joseph Garba ce, kwamandan rundunar da ke tsaronsa. A Nijar, masu tsaron shugaban ƙasa ne suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a Afrilun 1999, su ne kuma suka tsare Mohamed Bazoum a Yulin 2023. Faretin kam mun gada, ana yin irinsa a fadar Aso Rock, har akwai shekarun da shi ne ya maye gurbin babban bikin 1 ga Oktoba bayan harin bam na 2010 kusa da dandalin Eagle Square. Jar riga da takun ƙasaita ba su da wuyar kwaikwayo. Abin da ya ɗauki Ingila yaƙin basasa da kan sarki guda kafin ta samu shi ne a wayi gari mutum ɗauke da bindiga a ƙofar mai mulki, lokacinsa ya cika, ya miƙa ya koma bariki ba gardama.

To amma tsaron fa, da gaske su ke yi? Rabi da rabi. Bindigogin hannunsu na yaƙi ne, samfurin SA80, da banati a baki. Soja kan yi awa biyu a rumfa, kuma ba ƙamewa yake yi gaba ɗaya ba, lokaci-lokaci yakan buga ƙafa, ya saɓa bindiga, ya yi 'yan taku ya dawo, don jini ya zagaya. In ka tare masa hanya zai daka maka tsawar da sai hanjinka ya kaɗa, kuma ba zai kauce ba. Amma nauyin tsaron lafiyar sarki a wuyan 'yan sandan Landan yake, waɗanda za ka gani a bakin ƙofa da baƙaƙen kaya ba mai ɗaukarsu hoto. Da can a wajen shinge rumfunan suke, cikin jama'a. 'Yan yawon buɗe ido suka addabi sojojin da tsokana da taɓe-taɓe, har a 1959 wani soja ya yi wa wata baƙuwa ƙafa yana cikin takunsa, aka yi ƙara, daga nan aka mayar da su ciki. Wato shingen da kake leƙe ta cikinsa, su ma yana kare su daga gare ka.

Watan Yulin 1982 ya nuna fuskokin abin guda biyu. Ranar 9 ga wata, wani mutum mai suna Michael Fagan ya haura katanga, ya bi bututun ruwa ya hau, ya shiga har ɗakin kwanan Sarauniya Elizabeth ta II da sassafe, duk da sojoji da 'yan sanda da ƙararrawa. Ranar 20 ga watan kuma, ƙungiyar IRA, masu ɗauke da makamai da ke neman raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ta tayar da bam a lambun Hyde Park na Landan daidai lokacin da mahayan rundunar dawakai ta Blues and Royals ke kan hanyarsu ta zuwa canjin gadi. Sojoji huɗu suka mutu, da dawakai bakwai. Mutumin da ke bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya cikin kaya masu ƙyalli, shi ne ya fi kowa sauƙin hari, kuma sun san haka suke fitowa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba: sau da yawa mai gidan ba ya nan. Sarki Charles a Clarence House yake zaune, jikin St James, ita kuma Buckingham mai ɗakuna 775 tun 2017 ake mata gyaran shekara goma na fam miliyan 369. Tuta ce ke faɗa maka. In ka ga tutar sarki mai zakoki, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, yana ciki, kuma bisa al'ada sojoji huɗu ne a rumfunan gaba. In tutar ƙasa ce, ba ya nan, biyu ne. Ita kanta tutar ƙasar sabon abu ce a kan rufin. Kafin 1997 in sarauniya ba ta nan sandar a tsirara take, sai da jama'a suka fusata a makon rasuwar Gimbiya Diana cewa babu tutar da aka sassauto, sannan aka canza.

Sai hular, wadda ita kowa ke zuwa gani. Tsawonta kusan inci 18, nauyinta bai kai kilo guda ba, kuma da fatar baƙar beyar ta Kanada ake yin ta. Asalinta Faransa. A yaƙin Waterloo na 1815 rundunar da ake kira Grenadier yau ta kora zaratan sojojin Napoleon a harinsu na ƙarshe, aka ba ta sunansu da irin hularsu don tunawa. Masana tarihi sun ce ma an yi kuskure, wata bataliya ce daban suka kora, amma suna ya riga ya bi su. Yau hular ce ke jawo wa fadar surutu. Ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta daɗe tana neman a koma gashin roba, kuma alƙaluman da aka fitar sun nuna kuɗin hula ɗaya ya haura fam 2,000 a 2023. Ma'aikatar Tsaro na cewa daga farauta mai lasisi fatun ke fitowa, kuma ba a samu na roba da ya ci jarabawarta ba. Ni dai ina ganin ranar canzawa na tafe, kuma ba wanda zai gane bambanci daga bayan shinge. Zafinta kuwa ba wasa ba ne. A Yunin 2023, wajen gwajin faretin zagayowar ranar haihuwar sarki, sojoji aƙalla uku suka yanke jiki suka faɗi a gaban Yarima William, zafi na wajen digiri 30. Mutumin Sakkwato zai yi dariya, amma a sa masa rigar ulu mai kauri a maƙale har wuya, a kifa masa fatar dabba a ka, a ce kar ya motsa, sannan a ji ta bakinsa.

Duk da kamannin abin da ba ya canzawa, gwamnati ta iya amfani da faretin in tana son aika saƙo. Ranar 13 ga Satumban 2001, kwana biyu bayan harin New York da Washington, sarauniya ta ba da izini aka buga taken Amurka a farfajiyar, Amurkawa na kuka a bakin shinge. Ranar 8 ga Afrilun 2024 sojojin Faransa suka shiga faretin, don cika shekara 120 da yarjejeniyar ƙawance ta 1904 tsakanin Birtaniya da Faransa, karon farko ga ƙasar da ba ta cikin ƙungiyar Commonwealth, a gaban jikokin waɗanda suka ƙwace musu hula. Kanada da Ostareliya da Jamaika da Malesiya duk sun taɓa karɓar gadin. A 2012 wani soja mabiyin addinin Sikh, Jatinderpal Singh Bhullar na Scots Guards, ya tsaya gadi da rawaninsa maimakon hular, a 2017 kuma Kyaftin Megan Couto ta Kanada ta jagoranci masu gadin. Saboda haka kar ka yi mamaki in ka je ka tarar ba jar riga ko ɗaya. Wata rana sojojin sama ne, wata rana Gurkha 'yan Nepal, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu kuma dogayen kwat masu launin toka kowa ke sawa.

Ga mai niyyar zuwa, kallon kyauta ne, amma ba kullum ake yi ba, kuma ranakun na canzawa, sai a duba jadawalin da rundunar ke wallafawa a intanet kafin a fito. Ruwan sama mai ƙarfi na sa a soke kiɗa da faretin ana dab da farawa, a miƙa aiki shiru. Bakin shingen fada, inda kowa ke rububi, sai wanda ya yi sammako, kuma in ba kai ne a sahun gaba ba ƙeyar mutane za ka sha kallo, ga 'yan sane na aikinsu a cikin cunkoson. Gara ka fara da barikin Wellington ka ga dubawa, ko ka tsaya a gefen The Mall inda za su wuce ka da taku kaɗan har ka iya ƙirga maɓallan. Mai son dawakai ya wuce Horse Guards a titin Whitehall, inda mahayan Life Guards masu jar riga da Blues and Royals masu shuɗiya ke nasu canjin a fili ba shinge, kuma da ƙarfe huɗu na yamma ana duba su a ƙasa, al'adar da ake dangantawa da ranar da Victoria ta tarar da masu gadinta suna shaye-shaye da caca a 1894. Akwai allo a wurin da ke gargaɗin cewa dokin na cizo yana harbi, kuma gaskiya allon ya faɗa, kar ka kama linzami don hoto. Wanda ke da yini guda a hannu kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa garin Windsor, wurin wata fadar sarki, inda masu gadin ke ratsa tsakiyar gari da kiɗa kafin su shiga fada, jama'a ba su kai na Landan yawa ba.